Turken da Lemuel Ya Karya

Muciyar da nake tuƙa kuku, wato tuwon masara da kuɓewa na ƙasarmu, da ita ba don tuƙi aka sassaƙa ta ba tun asali. Rabin turken wasan kurket ne, irin ukun nan da ake kafawa a bayan mai bugu. Mai jifa na neman kayar da su da ƙwallo, mai bugu na karewa da katako, in turke ya faɗi an fitar da shi. Jikokina sun ɗauka rigimar tsufa ce ta sa nake hana kowa taɓa ta, to su yi ta ɗauka. Mijina Lemuel Gittens ne ya karya turken, kuma ban da ni babu mahalukin da ya gani.

Duk wanda ya girma a Bridgetown, babban birnin tsibirinmu, a zamaninmu ya san sunan Lemuel, sai dai abin da suke tunawa da shi abu ne da na so a ce sun manta. Ni kuwa na san shi tun yana saurayi a ƙauyensu can cikin gonakin rake, yana jifan kututturen kwakwa da ɗanyen lemo. Uwarsa ta yi duka har ta gaji, don ba ya barin lemo ya nuna a bishiya. Dogo ne, baƙi, ga hannuwa har kusan gwiwa. Magana kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ji ta bakinsa. Zancen aurenmu ma ni na yi kusan duka, nasa gyaɗa kai ne kawai.

Hannun nan nasa ne ya sama masa aiki a kulob ɗin farare, wato Turawa masu mulkin garin. Da safe ya yanke ciyawa, ya yi ban ruwa, ya ja gangar ƙarfen da ake daɓe fili da ita. Da la'asar kuma, in masu gida sun taso daga ofisoshinsu, ya shiga ragar atisaye ya yi musu jifa su koyi bugu. Rumfar manya ba ya hawa, kuma in tsibirinmu zai kara da wani tsibiri ba a sa shi, wai wanda ake biya ba ya wasa da masu yi don sha'awa. Sai ranar Asabar yake zama mutum. Ranar yakan buga wa ƙungiyar unguwarmu a makiyaya, bayan an kore awaki, ni kuma ina gefe da gwangwanin mobi, abin shan nan mai ɗaci na ɓawon itace, a kaina ina tsiyaya wa masu ƙishi.

Wanda bai ga Lemuel na Asabar ba bai ga jifa ba. Ƙwallon ba a ganin ta, sai dai a ji ta. Ranar da 'yan Speightstown suka zo, mai bugunsu na farko da matashin kai ya shigo ɗaure a ƙirji, kuma ko hakan bai hana shi komawa gida a keken jaki ba. Ina tsaye ina tsiyayar mobi, kaina ya kusa fin gwangwanin girma.

Amma a kulob wani Lemuel ne daban, kuma Baba Kwako ne ya yi shi. Baba Kwako shi ne babban mai kula da fili, tsoho ne da ya yi wa kakannin masu gidan jifa. Ranar da Lemuel ya fara aiki ya ja shi bayan rumfa.

"Ɗana, jifa iri biyu ne a duniyar nan," in ji shi. "Akwai na Asabar, akwai na la'asar. Na Asabar ka rataye shi a bakin ƙofa kafin ka shigo. A nan ka yi gudunka duka, ka ɓata rai, ka yi nishi su ji. Amma in ka zo saki, ka sassauta yatsu, ka ajiye masa ita inda katakonsa ke jira."

"In ya gane fa, Baba?"

"In ya gane ka zage shi. In ka tumɓuke masa turke ma ka zage shi. Tsakani za ka bi, nan tuwonka yake."

Duk baƙin da ya taɓa aiki a filin farare ya san wannan, ba wanda ya taɓa faɗa a fili. Lemuel kuwa ya ƙware har ya fi malaminsa, musamman a kan Mista Yearwood, kyaftin ɗin kulob, ɗan wani babban dillalin sukari. Ba zan yi masa ƙarya ba, Mista Yearwood ba mugun mutum ba ne. Lokacin da zazzaɓi ya kusa ɗauke mana ɗan fari, likitansa ya turo mana har gida. Ya iya bugu daidai gwargwado, sai dai yana tsoron ƙwallon da ta taso wajen haƙarƙari. Lemuel ya gane haka tun makon farko, bai kuma taɓa aika masa ko ɗaya wajen ba. Shekara da shekaru ana haka, har Mista Yearwood ya shiga gaya wa abokansa cewa duk tsibirin shi kaɗai ya san maganin Gittens. Lemuel kan dawo gida ya ba ni labari muna dariya. Dariyar nan ita ce na fi jin haushi yanzu.

Sai labari ya zo cewa za a haɗa ƙungiya daga duk tsibirai a tafi Ingila, kuma wannan karon za a tafi da waɗanda ake biya, don farare ba su da mai jifa mai zafi. Gurbi ɗaya ya rage. Za a yi wasan gwaji a filinmu, Mista Yearwood da wasu dattawa biyu, ɗaya daga Trinidad ɗaya daga Demerara, su za su zaɓa. Dattawan ba su taɓa ganin Lemuel ba, sunansa kawai suke ji.

Unguwarmu kuwa ta riga ta sa shi a jirgi. Matan coci suka saƙa masa hular sanyi mai kauri, fasto ya yi masa addu'a ta musamman, tela ya auna shi ba a roƙe shi ba. Shi kansa, mutumin da bai taɓa cewa yana son wani abu ba, sai na riƙa ganin in ya tashi aiki ya bi ta bakin tashar jiragen ruwa ya tsaya yana kallo. Wata rana ya ce da ni, "Dru, sau ɗaya nake so in yi jifan Asabar a inda za a kira sunana da ƙarfi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma a bakin Lemuel wannan huɗuba ce.

Ranar wasa da safe na ajiye masa shayi da soyayyen kifi, na ga yana juya cokali kawai.

"Lem, wane jifa za ka yi yau?"

"Gwamna zai zo," ya ce. "Tsohon Mista Yearwood ma zai zo, a keken guragu za a kawo shi."

"Ba wanda zai zo na tambaye ka ba."

"Dru, shi fa zai zaɓa. In na kunyata shi gaban ubansa, da wane ido zai ce a sa ni? In shi ne a gabana zan lallaɓa, sauran in ci ubansu."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Lem."

"Ai ya san hannuna. Shekara nawa muna tare?"

"Wane hannun ya sani?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar min kifin.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Rumfa ta cika da fararen kaya da laimomi, namu kuwa suna kan katanga, suna kan bishiyoyi, wasu a rufin kantin da ke tsallaken titi. Aka sa Lemuel cikin masu jifa, Mista Yearwood ya fito bugun farko. Da Lemuel ya soma auna takunsa sai wurin ya ɗauki ihu, "Gittens! Gittens!" Ossie mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, yana kan reshe yana cewa a kira mai akwatin gawa tun da wuri.

Lemuel ya taho da gudu, ya yi tsalle, ya saki. Ban buƙaci in duba ba, kunnena ya gaya min. Jifan Asabar ƙara yake yi a hannun mai cafewa kamar an fasa kwakwa. Wannan kuwa a tsakiyar katako ya sauka, ƙwallon ta gangara har bakin igiyar iyakar fili, rumfa ta yi tafi. Na biyu ma haka. A na uku ƙwallon ta tsallake igiyar gaba ɗaya, ta faɗa cikin lambun maƙwabta.

Da farko mutanenmu kallon juna suka yi. Ba sa zargin hannun, don kowa a kan katangar nan yana da ƙane ko kawu da ke aiki a filin farare, sun san jifan la'asar in sun gan shi. Abin da ba su taɓa zato ba shi ne za su gan shi a irin wannan rana, a bainar jama'a. Ossie ne ya fara.

"Gittens! Reno aka ɗauke ka ko jifa?"

Aka fashe da dariya.

"Ka ɗauko masa kujera mana ya zauna ya buga!"

"Hura masa, Lem, kada ta ƙona masa baki!"

Ossie ya hango ni a ƙasa. "Mis Dru, me kika ba shi da safe? Ruwan kuɓewa?"

Ni da ba a faɗa min ɗaya ban rama da uku ba, ranar sai na sunkuyar da kai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Mobi na zuba ya cika kofi ya malale a hannun mai saye ban sani ba. Zagin ma da sauƙi. Matan cocin da suka saƙa hula suna kusa da ni, sai ɗaya ta dafa min kafaɗa. Da ta mare ni da ya fi min.

Dabarar Lemuel ta lallaɓa kyaftin ya ci sauran ba ta yi ba, don Mista Yearwood ya ji daɗin wurin ya ƙi matsawa. Duk sa'ad da Lemuel zai yi jifa sai ya san yadda ya yi ya kasance shi ne a gabansa. Ina hango dattawan nan biyu a rumfa suna haɗa kai suna magana. Lemuel ma ya hango su. Na ga ya tsaya ya share gumi, ya ƙara nisan gudunsa, na ce a raina yauwa, ga na Asabar nan tafe. Ya taho kamar zai ci ƙasa, ya saki, ƙwallon ta sake sauka inda katako ke jira. Daga baya ya ce min ya yi niyya, Allah ya sani ya yi niyya. "Da na ga fuskarsa, Dru, sai yatsun suka saki da kansu."

Can aka karɓe ƙwallo aka ba wani Anatole Baptiste, ɗan dako daga tashar jiragen Trinidad, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda aka zo da shi don cika lissafi kawai. Shi bai taɓa aiki a kulob ba, ba wanda ya taɓa jan sa bayan rumfa. Jifansa na biyu ya tashi ya sami Mista Yearwood a haƙarƙari, sai da ya durƙusa. Baba Kwako na kusa da ni, ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Yaron nan ya kashe kansa, ya kashe mu." Da Mista Yearwood ya miƙe, jifan Anatole na gaba ya tumɓuke turken tsakiya, ya yi ta wuntsila a iska.

Mista Yearwood ya taho yana dafe da gefensa, ya nufi Anatole. Muka ce shi ke nan. Sai muka ga yana dariya, ya buga masa kafaɗa, ya ɗaga murya yadda har kan bishiya aka ji: "Wannan shi ne mai jifa!"

Anatole yaron kirki ne, ban riƙe shi da komai ba. Amma ku tambayi duk wanda ya hau bishiya ranar, jifansa bai kai na Lemuel na Asabar ba ko kusa.

Da aka tashi, Mista Yearwood ya biyo ta wajena kamar yadda ya saba, don yana son mobi, ya ce nawa ya fi na kowa ɗaci mai daɗi. Lemuel na tsaye gefe da hula a hannu.

"Drusilla, ki yi haƙuri," ya ce. "Allah ya sani na so a ce shi ne. Amma kin gani da idonki. Na daɗe ina zargin sunansa ya fi jifansa, don ko a raga kullum dukansa nake yi. Na ɗauka in taro ya cika zai ƙara wuta." Ya juya wajen Lemuel. "Kada ka damu, Gittens. Aikinka na nan muddin ina raye."

Babu mugunta a fuskarsa, tausayi ne tsantsa. Na kalli Lemuel. Magana ɗaya ce za ta warware komai: Yallaɓai, koma ka tsaya, a ba ni ƙwallo. Amma faɗin haka daidai yake da ce wa mutumin da ya turo mana likita shekara da shekaru ana ba shi a baki kamar jariri, kuma duk baƙaƙen garin sun sani suna dariya. Aiki zai tafi, na Baba Kwako ma zai tafi, da na duk wanda ke jan ganga a filayen nan. Na ga Lemuel ya juya hular da ke hannunsa.

"Na gode, Yallaɓai," ya ce.

Wannan godiyar ta fi duk zagin Ossie ciwo. Har yau in na tuna sai na ji fuskata ta yi zafi.

Washegari ruwa ya wuni yana zuba, ba a ƙarasa wasan ba, aka kira sunan Anatole. Ranar tafiya kulob ya aiki Lemuel ya kai akwatin kyaftin tashar jirage. Ya ratsa Broad Street, babban titin gari, da akwati a ka, mutane na darewa suna ba shi hanya, ba wanda ya gaishe shi don kada ya ɗaga ido. Hular sanyin da matan coci suka saƙa kuwa shi da kansa ya miƙa wa Anatole, ya ce an ce can akwai sanyi.

Daga nan sunan Mai Reno ya bi shi, bai rabu da shi ba har kabari. Bai sake taka makiyaya ranar Asabar ba, ko da 'yan ƙungiya suka zo har gida suna roƙo. Ya ci gaba da jan ganga har gashinsa ya yi fari, ya yi wa 'ya'yan Mista Yearwood jifan la'asar kamar yadda ya yi wa ubansu. Ranar jana'izarsa Mista Yearwood ya zo, tsoho tukuf, ya tsaya a coci ya ce bai taɓa ganin mai jifa mai taushin hali kamar Gittens ba, bai taɓa ji wa kowa ciwo ba. Ossie na bayana, na ji ya yi tari.

Amma turken nake ba ku labari. Lahadin da ta biyo bayan tashin jirgin, mun fito daga coci rana na tsaka, sai Lemuel ya ce, "Zo mu je." Ban tambaya ba, na bi shi. Filin kulob ya kai ni. Ranar Lahadi ba a wasa, babu kowa sai tsuntsaye a ciyawa. Ya buɗe ɗakin ajiya, ya ɗauko turke ɗaya da tsohuwar ƙwallo, ya kafa turken ya buga shi da dutse. Ya cire kwat ɗinsa na coci ya ba ni, ya cire takalma, ya naɗe ƙafar wando.

"Tsaya can," ya ce. "Ki duba da kyau."

Ya auna takunsa, ya juyo. Na ga gudun da na sani, gudun makiyaya, ƙasa na amsawa a ƙarƙashinsa. Ban ga ƙwallon ba. Ƙara na ji, sai ga turken ya rabe biyu, gindin na tsaye a ƙasa, saman ya yi sama yana juyawa ya faɗo can nesa. Turke ɗaya tilo, katako mai tauri da aka kawo daga Ingila. Duk shekarun da na yi ina bin filaye da gwangwani ban taɓa ganin an yi haka ba.

Zuciyata ta cika, na buɗe baki zan yi ihu in kira sunansa da ƙarfi yadda ya so. Sai na ga ba ni yake kallo ba. Ba turken yake kallo ba ma. Waige yake yi, ya dubi rumfa, ya dubi ƙofa, ya dubi tagogin gidajen da ke bayan katanga, kafaɗunsa a ƙanƙance kamar wanda ya fasa tulun mutane. Ban yi ihun ba, kuma kafin in ankara ni ma na sami kaina ina waigen tare da shi.

Ya ruga ya tumɓuke gindin, ya tsinto ɗaya rabin, ya taka ramin da ƙafa har ya shafe. Ya miƙo min su.

"Ɓoye, Dru," ya ce a hankali. "Kayan kulob ne."

Na naɗe su cikin kwat ɗinsa na rungume a ƙirji, muka fita ta ƙofar baya, wadda muka saba bi.